Kafin Kuloci Ya Ajiye Ka A Bakin Kanal

Idan ka taɓa bin hanyar Kano zuwa Zariya da sassafe a lokacin kakar tumatir, ka san abin da nake nufi. Daga Kura zuwa Kadawa, har ka leƙa ɓangaren Bunkure, babura ne ke fitowa daga cikin gonaki ɗauke da kwanduna, ga a-kori-kura da J5 sun nufi kasuwar Kwanar Gafan. Ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ya mayar da yankin nan wurin noma rani da damina. Amma ɗan'uwa, tsakanin gona da kasuwa akwai wani ɗan ƙarfe da mu matasa muke wulaƙantawa, wato kuloci.

Bara wani ɗan kawuna ya ɗauro tumatir a Boxer ɗinsa, kulocin ya ƙone masa a bakin kanal. Kafin ya tura babur ya sami bakanike rana ta take, dillalai sun gama ciniki, tumatir ya fara ruwa. Asarar da ya yi a kayan ta fi kuɗin gyaran nesa ba kusa ba.

Aikin kuloci shi ne haɗa inji da giya, da kuma raba su. Idan ka matse shi ka raba, idan ka sake ka haɗa. A tsakiya, inda direbobi ke cewa rabin kuloci, filet ɗin yana goguwa ne da ƙarfe, yana zafi, yana cinyewa. Wannan gogar ta 'yan daƙiƙu ce kawai lokacin tashi. Duk abin da ya wuce haka, kuɗinka kake ƙonawa.

To ina muke kuskure? Hanyoyin cikin gona ramuka ne da yashi, da damina kuma caɓi. Sai ka ga yaro ya ɗora buhun shinkafa biyu, yana giya ta uku, ya riƙe kuloci rabi yana murza totur don kada inji ya mutu. Malam, sauko giya ta ɗaya ko ta biyu, ka saki kuloci gaba ɗaya, inji ya ja da kansa. Idan taya ta kafe a laka, kada ka yi ta ɗura mata wuta. Sauke kaya, nemi masu turi, ka fita lafiya.

Direban mota, kai ma da naka. Feda ba wurin hutun ƙafa ba ce. Ko ɗan nauyin da ka ɗora yana rage kamun filet. In ka tsaya jiran lodi ko cunkoso, sa giya a firi ka ɗauke ƙafa. A kan hawa kuma, birkin hannu ne zai riƙe ka, ba kuloci ba.

Akwai bambancin da ya kamata ka sani. Kulocin yawancin motoci busasshe ne, mai bai kamata ya taɓa shi ba. Na babur irin Boxer kuwa a cikin baƙin mai yake aiki. Shi ya sa man mota mai yawan santsi kan sa shi zamewa. In za ka sayi mai, duba jikin robar ka ga alamar JASO MA, ita ce ta babura masu irin wannan kuloci. Man juye na bakin hanya da ba ka san asalinsa ba, rabu da shi; araha ba ta ado. Kuma ƙurar yankin nan na sa mai saurin baƙi, kar ka ja lokacin canji.

Duba wayar kuloci ma. Dole hannun ya zama da ɗan lilo, kamar milimita 2 zuwa 3 a gindinsa, kafin ka ji ya fara ja. In wayar ta ɗame ƙam, filet ba zai kama sosai ba. In ta yi sako-sako, giya za ta riƙa gardama, babur na neman tafiya alhali ka matse. Ɗan noti ne ake juyawa, aikin minti biyu. Ka riƙa ɗiga mata mai, in ka ga zare ya fara tsinkewa ka canza.

Kuloci ba ya mutuwa sai ya yi gargaɗi. Inji na ihu amma gudu bai ƙaru ba, musamman da kaya. Ƙauri na tashi. A mota, ja birkin hannu a fili, sa giya ta uku, saki kuloci a hankali. In inji ya mutu, da sauransa. In ya ci gaba da aiki, filet ya cinye, je ka ga bakanike tun kafin ranar tsinka.

Tumatir ba ya jiran mai gyara. Yau da yamma, kafin ka jingine babur, taɓa hannun kulocin nan ka ji lilonsa.