Karen Titi

Karen titi shi ne wanda ba shi da ubangida. Kwanansa ƙarƙashin rumfar kasuwa ko gindin tsohuwar mota, cinsa a juji da bayan kwata. Da rana yana lafewa a inuwa, harshe waje yana haki, don ta haka kare yake sanyaya jikinsa. Da dare kuwa gari nasa ne. Karya tana ɗaukar ciki wata biyu, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo kwiyakwiyai biyar ko shida. Inda shara ta taru, nan suke yaɗuwa.

Bahaushe yana ajiye kare don farauta da gadi, amma ba ya yarda ya sa baki a kwanonsa. Duk da haka malamai sukan tunatar da hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa.

Babban haɗarin karen titi shi ne ciwon haukan kare, wanda ke bin yawu ya shiga jiki ta wurin cizo. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya mutum ya tashi. Ana ƙiyasin yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, da yawa kuma yara ne. Wanda kare ya ciza ya wanke raunin da sabulu da ruwa na minti 15, ya garzaya asibiti.

Birane da dama sun gwada kisa. A 1910 hukumomin Istanbul sun kwashe dubban karnuka zuwa tsibirin Sivriada, yunwa da ƙishirwa suka gama da su, amma daga baya tituna suka sake cika. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri: muddin juji yana nan, wasu za su maye gurbin.

Karen bana shi ke maganin zomon bana. Yanzu akan kama karen, a yi masa allurar riga-kafi, a fiɗiye shi, a sa masa alama a kunne, a mayar da shi unguwarsa. Indiya ta mayar da wannan tsari doka a 2001. Idan allurar ta kai ga kashi 70 cikin 100 na karnukan gari, cutar takan daina yaɗuwa, kuma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana haɗa irin wannan allurar. Sauran aikin na masu kwashe shara ne da mahauta, domin yawan karnukan unguwa daidai yake da yawan abincin da ake zubar musu.