Shin Ko Kun San? Ire-iren Makarantun Gwamnati a Yankin Dutsin-Ma da Kurfi

Idan aka ce makarantar gwamnati, da yawanmu mun ɗauka duk ɗaya ne. Alhali kuwa iri-iri ce, kowace da hukumar da ke riƙe da ita, da manufar kafa ta, da jarrabawar da ɗalibanta ke zanawa. Uban da ya san wannan bambanci ya san inda zai kai ɗansa, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ranar da rufin aji ya yaye. Ga kaɗan daga abin da ya kamata kowa ya sani.

Shin ko kun san cewa hawa uku na gwamnati ne ke da hannu a makarantunmu? Firamare tana ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin ilimi da sakataren ilimi ke shugabanta. Dutsin-Ma na da nata, Kurfi na da nata. Sakandare kuwa ta ma'aikatar ilimi ta jiha ce, wadda ke sa ido a kanta ta ofisoshin shiyya. Sai kuma 'yan ƙalilan da ke karɓar umarni kai tsaye daga Abuja.

Shin ko kun san cewa shekara 9 na farko na karatun yaro kyauta ne, kuma tilas ne a doka? Shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. A Sakkwato Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba, 1999, aka kuma yi masa doka a 2004. Dokar ta tanadi gargaɗi ga uban da ya ƙi sa ɗansa makaranta a karon farko, idan ya sake kuma tara ko ɗauri.

Shin ko kun san daga ina kuɗin gina azuzuwan firamare ke fitowa? Wannan doka ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko. Amma akwai sharaɗi: jiha ba ta karɓar kasonta na gine-gine sai ta ajiye nata kwatankwacinsa. Jihar da ta yi sakaci, kuɗinta na nan kwance a Abuja, 'ya'yanta na zaune a ƙasa.

Shin ko kun san cewa kakanninmu ba tsarin karatu na yanzu suka bi ba? Su daga elimantare suke wucewa midil. Tsarin 6-3-3-4 ya fito ne daga manufar ilimi ta ƙasa ta 1977, aka fara aiki da shi a 1982. Kafin nan, shirin ilimin firamare kyauta (UPE) na 1976 ya riga ya cika firamare da yara, har makarantun kwana suka kasa ɗaukar masu fitowa. Wannan na daga cikin abin da ya yawaita makarantun jeka-ka-dawo, waɗanda a yau su ne mafi yawan sakandaren gwamnati a garuruwa da ƙauyukanmu.

Shin ko kun san cewa Dutsin-Ma na da ɗaya daga cikin makarantun sakandaren kimiyya na jihar Katsina? Irin waɗannan makarantu da jarrabawa ake shigarsu, ba da sanayya ba. Kano ce ta fara wannan salo a 1977, da makarantun Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, domin Arewa ta samu likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Da aka ga amfaninsa, wasu jihohi suka ɗauka.

Shin ko kun san cewa gwamnati na da sakandaren Larabci da addinin Musulunci, kuma akwai ta 'yan mata a Dutsin-Ma? A nan ana haɗa Alƙur'ani da fiƙihu da nahawu da lissafi da Turanci a jadawali guda. Suna da hukumar jarrabawarsu, NBAIS, wadda tushenta ke komawa zamanin Sardauna Ahmadu Bello, kuma takardarta na kai ɗalibi jami'a kamar ta WAEC da NECO.

Shin ko kun san cewa masu koyon sana'a ma na da tasu? Kwalejojin fasaha na koyar da kafinta da walda da gini da aikin lantarki da gyaran mota. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ita ke shirya musu jarrabawa. Yaron da Allah ya ba shi basirar hannu, nan ne wurinsa, kuma ba abin kunya ba ne.

Shin ko kun san cewa gwamnatin tarayya na da makarantun haɗin kan ƙasa a jihar Katsina? Akwai ta Daura, da ta 'yan mata a Bakori, da ta kimiyya da fasaha a Dayi. An soma irinsu a 1966 a Sakkwato da Warri da Okposi, domin yaron Arewa da na Kudu su tashi a ɗaki ɗaya. Ɗan aji 6 na firamare a Kurfi ko Dutsin-Ma na da damar zana jarrabawar shigarsu, wadda NECO ke shiryawa kowace shekara.

Shin ko kun san cewa 'ya'yan makiyaya na da hukumar ilimi tasu tun 1989? Hedikwatarta na Kaduna. Manufarta ita ce a kai makaranta kusa da ruga, a kuma tsara lokacin karatu yadda ba zai ci karo da kiwo ba. Duk wanda ya ga abin da rashin karatu ya jawo a dazukan da ke yamma da mu ya san cewa wannan nau'in makaranta ba na wasa ba ne.

Shin ko kun san cewa gwamnati ta shiga harkar makarantar allo? A watan Afrilun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar tsangaya ta zamani ta farko a Gagi, cikin Sakkwato, aka kuma gina sama da 150 a faɗin ƙasa. A 2023 aka kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Shin ko kun san cewa akwai makarantar makafi a Katsina, da ta kurame a Malumfashi? Yaro mai lalura ba na ɓoyewa a ɗaka ba ne, ba kuma na bara ba ne. Manya ma ba a bar su a baya ba, domin ajin yaƙi da jahilci da Jihar Arewa ta yaɗa a shekarun 1950 har yau yana raye a ƙarƙashin hukumar ilimin manya.

Shin ko kun san yadda rashin tsaro ya taɓa makarantun kwana? Daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka afka wa sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, suka kwashe ɗalibai, aka sako 344 bayan kwana 6. Nan take gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana. Tun daga lokacin, iyaye kan fara tambayar katanga da masu gadi kafin su tambayi malamai.

Shin ko kun san cewa Katsina na cikin jihohi 7 na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2020? Aikinsa gina azuzuwan sakandare da gyara su, da tallafa wa 'yan mata su kammala karatu kafin aure.

Shin ko kun san cewa yaro na iya farawa daga aji 1 har ya yi digiri bai bar Dutsin-Ma ba? Akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai ɗauke da sunan Wazirin Katsina, ministan ilimi na Jihar Arewa a zamanin Sardauna. Ita ke yaye masu takardar NCE, mafi ƙarancin shaidar da ake koyarwa da ita a firamare. Ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin 9 da aka kafa a 2011. Wannan gado ne mai asali, domin a Katsina aka buɗe kwalejin horar da malamai a 1922, wadda ta yaye Tafawa Ɓalewa da Sardauna, ta koma Kaduna a 1938, daga baya ta zauna a Zariya da sunan Barewa.

Jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi, waɗannan makarantu da dukiyarmu aka gina su, kuma 'ya'yan talakawa ne mafi yawan masu zama a cikinsu. Ku je ku ga ajin da yaranku ke zama, ku san hedimasta, ku halarci taron iyaye da malamai, ku shiga kwamitin kula da makaranta na unguwarku. Ku duba baiwar kowane yaro, mace ko namiji, ku kai shi makarantar da ta dace da shi. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya ba su ilimi mai amfani.