Sayen Jita Kamar Sayen Kwalekwale Ne

Masunci a Yelwa ba ya sayen kwalekwale don fenti. In ka taɓa tsayawa a bakin ruwa ana cinikin jirgi, za ka lura mai saye ko kallon zanen da aka yi wa goshin jirgin ba ya yi. Sawa yake a kifar masa da shi. Ya bi gindin da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can yana kasa kunne, ya tura farce cikin mahaɗar katako ya ji ko kwalta aka lafta don a ɓoye tsaga. Daga nan ya koma ƙarshen jirgin ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya hango ɗaya ƙarshen ya ga ko a miƙe yake ko ya karkace. Sai ya gama duk wannan yake cewa, "To Baba, nawa za ka bar mini?"

Mai neman jita ma haka ya kamata ya yi. Ita jita ba kayan kiɗanmu na gado ba ce, molo da garaya da gurmi da kuntigi muka tashi muka tarar. Amma yanzu akan gan ta a hannun 'yan makaranta, da 'yan bautar ƙasa da ake turowa Yauri da Ngaski da Shanga, da 'yan ƙungiyar mawaƙan coci, da samarin da suka kalli Bombino da Mdou Moctar na Nijar a waya ransu ya biya. Mafi yawansu ba a ɗakin ɗaukar sauti za su kaɗa ta ba. A tsakar gida ne, ko a gindin bishiya, ko a bakin tafki daren hunturu, an hura wuta, ana gasa karfasa, shayi na tafasa. Irin wannan aikin jita mai araha yake so. Sai dai arahar iri-iri ce, akwai wadda za ta shekara goma tana yi maka aiki, akwai wadda damina ɗaya za ta raba ku.

A fara da katako, tunda a nan ake yawan ruɗin mai saye. Mai shago zai nuna maka wadda fuskarta katako ne tsantsa, ba haɗi, ya ce ta fi zaƙin murya, kuma tana ƙara daɗi in ta tsufa. Bai yi ƙarya ba. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne irin wannan katakon yana shan danshin iska ya kumbura, in iska ta bushe ya tsuke. Masu ƙera jita suna cewa a ajiye ta inda danshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. To ina za a samu wannan a ƙasar Yauri? A watan Agusta ko gishiri jiƙewa yake a cikin kwano. A Janairu iskar hunturu takan sauke danshin ƙasa da kashi 20, leɓe da diddige su tsattsage. Maris da Afrilu kuma zafi ya haura digiri 40. Masunta sun san abin da rana ke yi wa jirgin sassaƙa da aka fafe daga gungume ɗaya: in aka ja shi tudu aka manta da shi, tsagewa yake, shi ya sa ake barin sa cikin ruwa ya sha ya ƙoshi. Jita kuwa ba a jiƙa ta.

Saboda haka mai kiɗan waje ya nemi ta katakon falle-falle, wato siraran katakai da aka jera aka manne da gam, zaren wannan ya gitta na wancan, in ɗaya zai tsage ɗaya ya riƙe shi. Muryarta ba ta kai ta waccan zurfi ba, na yarda. Amma a fili babu bangon da zai dawo maka da sauti, ga iska, ga kwaɗi, ga janareton maƙwabta, wa zai ji bambancin? Kuma ita ce mai arahar. Ko kan tafkin ka duba, wanda ya malale har Yelwa tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, yawancin jiragen da ke ɗaukar albasa da buhunan banda na katakon da aka harhaɗa ne, ba na sassaƙa ba. Abin sha'awa kuma, dangin madacin nan da masassaƙa ke nema don jirgi, da su ake yin wuya da bayan jita da dama a masana'antun ƙasashen waje.

Bayan katako sai wuya. Ɗora gindin jitar a ƙasa ko kan tebur, ka kanne ido ɗaya ka hanga daga kai zuwa ciki. In wuyan ya murɗe, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tashi, mayar masa da kayansa, wannan ba ta da magani. In ɗan lanƙwasa ne kawai zuwa gaba, leƙa cikin ramin jitar ko saman wuyan ka ga ko akwai kan ƙarfen da ake juyawa da ɗan makulli don a miƙar da shi. Jita mai wayar ƙarfe da ba ta da wannan ƙarfen, ba abin saye ba ce.

Sannan ka auna tsayin waya daga wuya. Ƙirga ƙarafunan nan da aka gitta a wuyan har zuwa na 12. Tazarar da ke tsakanin wannan ƙarfen da wayar da ta fi kauri bai kamata ta wuce milimita 3 ba a jita mai wayar ƙarfe. Ba sai ka nemi ma'auni ba. Katin ATM kaurinsa bai kai milimita 1 ba, ka haɗa uku ko huɗu ka zura. In sun shige har da sauran fili, wayar ta yi tsayi, kuma wannan ne ke sa sabon ɗan koyo ya yi mako biyu yatsunsa na zogi, ya jingine jitar a bayan ƙofa, ya ce ba shi da baiwa. Baiwarsa ƙalau take, kayan aikin ne ya cuce shi. Daga nan sai ɗan katakon da aka manne a fuskar jitar inda wayoyi suke kamawa. Ɗauki takarda ka gwada cusa bakinta a ƙarƙashinsa ta baya. In ta shiga, gam ya fara saki. Wayoyin ƙarfe shida in an ɗaure su suna jan wannan ɗan katakon da nauyin da ya kai kusan kilo 70, dare da rana, ko ana kiɗa ko ba a yi. Wanda ya fara ɗagawa a shago, zafin bazara zai ƙarasa shi.

Wayar ƙarfe ko ta roba? Ta ƙarfe ta fi amo, a fili kuma amo ake nema. Ta roba ta fi taushi a yatsa, tsatsa ba ta cin siraranta uku, ga mai zama kusa da ruwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai ga mai kiɗa cikin taro ta ƙarfe zan ce, amma marar kauri. Abin da ba a yi shi ne a sayi jitar da aka ƙera don wayar roba a ɗaura mata ta ƙarfe wai don ta ƙara amo. Ƙarfin jan wayar roba kusan rabin na ƙarfe ne, jikin jitar ba zai ɗauka ba. Ɗaura inji mai doki arba'in ne a bayan ɗan kwalekwalen jefa birgi.

Tunda an ambaci inji, duk direban jirgi daga Yelwa zuwa Warra ya san Yamaha. Wataƙila bai san cewa gidan da kayan kiɗa ya fara ba. Torakusu Yamaha ya soma ne da gyara da ƙera kayan kiɗa a Japan a 1887, sai a 1955 aka ware kamfanin babura, wanda daga baya ya shiga yin injin jirgi. Tambarin da ke jikin injin ma ƙarafuna uku ne na daidaita sautin kiɗa. A cikin jitocinsu masu sauƙin kuɗi, F310 mai wayar ƙarfe da C40 mai wayar roba sun yi suna a wajen masu koyo a duniya. Ba talla nake yi ba, akwai wasu kamfanonin masu kyau. Kuma duk sunan da ya karɓu, na jabu na bin sa a kasuwa. Suna a goshin jita ba ya hana ka yi mata binciken da aka lissafa. Leƙa cikin ramin ka ga ko aikin ciki tsaf yake, ko gam ne ya zuzzuba kamar an yi a guje.

Kada tsada ta firgita kowa. Ibrahim Ag Alhabib na ƙungiyar Tinariwen da gwangwani da sanda da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. Mdou Moctar ma da wayar birkin keke ya fara. Tinariwen ɗin nan a cikin sahara kusa da Janet ta ƙasar Aljeriya suka ɗauki faifansu Tassili, yawanci da jitocin da ba sa buƙatar lantarki, kuma ya ci kyautar Grammy a 2012. Ali Farka Toure na Mali, wanda ya rasu a 2006, mutumin Niyafunke ne, gari a bakin wannan kogin namu da ya biyo ta Yauri, kuma da kayan kiɗan gargajiya mai tsirkiya ɗaya ya fara kafin ya kama jita.

Kafin ka biya, a ɗaure maka wayoyin su daidaita; akwai manhajojin waya na kyauta da ke yin wannan. Ka danna kowace waya a kowane gurbi daga sama har ƙasa, ka ji ko akwai inda take zizar ƙudan zuma. Sautin da waya ke bayarwa a gurbi na 12 dole ya zama shi ne na wayar a sake, sai dai ya fi shi siranta. In ya kauce, duk yadda ka ɗaure ta ba za ta yi daɗi ba. Murɗa kunnuwan ɗaure waya ɗaya bayan ɗaya, ka ji ba sa santsi, ba sa cijewa. Shafa gefen wuya, in bakin ƙarafunan na kartar hannu, katakon ya riga ya bushe ya tsuke. Girman jiki kuwa, babba ta fi amo, matsakaiciya ta fi sauƙin goyo a kan babur ko shiga jirgi zuwa tsibiri.

Galibin kayan nan daga Alaba ta Legas ko Anacha ko Sabon Garin Kano suke fitowa, farashinsu kuma yana bin dala. Saye ta hoton WhatsApp caca ce. In ba za ka je ba, aiki wanda ya iya kaɗawa. Kuma kada ka raina ta hannu. Jitar da ta ga hunturu uku a Arewa ba ta tsage ba ta riga ta ci jarrabawar da sabuwa fil daga kwali ba ta zauna ba tukuna. Lokacin da 'yan bautar ƙasa ke haɗa kaya za su tafi, a sa kunne.

In ta zo hannu, sauran aikin naka ne. Kada a zauna da ita dab da wuta. In fuskarta ta yi ɗumi a tafin hannunka, ja da baya, zafi na sassauta gam. Kada a bar ta a but ɗin mota ko a ɗaure ta a saman kaya da rana tsaka. Raɓar asuba a bakin tafki na jiƙa ta, a shigar da ita ɗaki in an tashi hira. A goge wayoyi da busasshen tsumma bayan kowane kiɗa, gumi ne ke kawo tsatsa. Da hunturu kuma a jiƙa ɗan soso a matse shi sosai, a sa a gidan sabulu mai huji, a rufe tare da ita cikin jaka. Kuma a tuna sauti na tafiya nesa a kan ruwa da dare, akwai masuncin da zai fita kafin asuba yana son ya runtsa.

Tun kafin ka shiga ciniki, ware kuɗin jaka mai kauri da na wayoyin canji, don ranar da siririyar wayar ta tsinke ba lallai ka samu wata a kusa ba. In mai shago ya ce ba a buɗe kwali sai an biya, ko ya hana ka ɗaure waya ka gwada, yi masa sallama ka shiga shago na gaba.