Gwajin Sabon Magani a Jikin Lafiyayyun Matasa: Shin Yardarsu Kaɗai Ta Wadatar?

Gabatarwa

Duk maganin da likita yake rubuta wa majiyyaci a yau, akwai ranar da aka fara sa shi a jikin ɗan Adam. A mafi yawan lokuta wanda aka fara da shi matashi ne mai ƙoshin lafiya, wanda ya kai kansa wurin masu bincike don raɗin kansa. Marar lafiya idan ya yarda a gwada sabon magani a jikinsa, yana da fatan samun waraka. Shi kuwa lafiyayye babu cutar da zai warke daga gare ta, saboda haka haɗarin nasa ne, amfanin kuma na wasu. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin da ya sa ake irin wannan gwaji, da abin da ya auku a Landan a shekarar 2006, da kuma yadda fiƙihu yake kallon yardar mai miƙa kansa.

Dalilin Zaɓen Lafiyayyun Matasa

Bayan an gwada sabon magani a ɗakin bincike da jikin dabbobi, sai a shiga matakin farko na gwaji a kan mutane, wanda yawanci mutanen cikinsa ba su wuce 'yan gomomi ba. A wannan mataki abin da ake nema shi ne sanin gwargwadon da jiki zai iya ɗauka, da yadda maganin yake shiga jini, da yadda hanta take sarrafa shi, da tsawon lokacin da ƙoda take ɗauka kafin ta fitar da shi. Ana fifita lafiyayyun matasa saboda hantarsu da ƙodarsu suna aiki daidai, kuma ba sa shan wasu magunguna, don haka duk canjin da aka gani za a iya jingina shi ga maganin. Haka nan jikinsu ya fi saurin murmurewa idan wata illa ta bayyana. Amma magungunan da aka san suna da guba mai ƙarfi, kamar yawancin magungunan ciwon daji, a jikin masu cutar ake fara gwada su.

Buƙatar gwaji a jikin mutum tsohuwar magana ce. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya kawo sharuɗɗa bakwai na gwada ƙarfin magani a littafinsa Alƙanun. Na ƙarshensu shi ne a yi gwajin a jikin mutum, domin yadda magani yake aiki a jikin dabba yana iya saɓa wa yadda yake aiki a jikin ɗan Adam.

Abin da Ya Auku a Landan

A ranar 13 ga Maris, 2006, aka fara gwajin wani magani mai suna TGN1412 a wani sashen bincike da ke harabar asibitin Northwick Park a Landan. Kamfanin TeGenero na ƙasar Jamus ne ya mallaki maganin, kamfanin Parexel kuma ya gudanar da gwajin, bayan hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta ba da izini. An shirya maganin ne domin wani nau'in sankarar jini da amosanin gaɓɓai, kuma aikinsa shi ne zaburar da wasu ƙwayoyin garkuwar jiki ta hanyar wata makama da ke jikinsu mai suna CD28.

Maza takwas lafiyayyu suka shiga rukunin farko, kowannensu bisa alkawarin kimanin fam 2,000. Shida aka yi musu allurar maganin ta jijiya, biyu kuma aka yi musu allurar da babu magani a cikinta domin kwatantawa. Gwargwadon da aka ba su kashi ɗaya ne cikin 500 na wanda birai suka ɗauka lafiya lau. An riƙa yin allurar ɗaya bayan ɗaya, da tazarar kimanin minti goma tsakanin mutum da mutum.

Cikin minti 90 dukkan mutum shidan suka kamu da matsanancin ciwon kai da ciwon jiki da tashin zuciya, bugun jininsu ya faɗi. Garkuwar jikinsu ta zubo sinadaran faɗa da cuta fiye da kima, har suka juya suna cin jikin da ya kamata su kare. Cikin awa 12 zuwa 16 huhu da ƙoda suka fara gazawa, aka kwashe su zuwa sashen jinyar masu tsananin ciwo. Dukkansu sun rayu, amma ɗayansu ya rasa 'yan yatsun ƙafa da sassan yatsun hannu. Daga baya bincike ya nuna cewa nau'in ƙwayoyin da suka jawo wannan tashin hankali a jikin mutum ba su ɗauke da makamar CD28 a jikin biran da aka yi gwaji da su. Abin da Ibn Sina ya faɗakar a kansa ke nan.

Kwamitin masana da gwamnatin Birtaniya ta kafa ƙarƙashin Farfesa Gordon Duff ya miƙa shawarwari 22 a watan Disamba na 2006. Daga cikinsu akwai a fara da mafi ƙarancin gwargwadon da ake zaton zai yi wani tasiri a jiki, kuma a ba mutum ɗaya a jira isasshen lokaci kafin a ba na gaba. Da an bi wannan tun farko, da watakila mutum ɗaya ne zai cutu maimakon shida. Duk da haka, a watan Janairu na 2016 wani mai miƙa kansa ya rasu a gwajin wani magani a birnin Rennes na Faransa, inda aka ci gaba da ba sauran 'yan rukuninsa maganin washegarin ranar da aka kwantar da shi a asibiti.

Matsayin Yarda a Fiƙihu

Dukkan mutanen Landan sun sa hannu a takardar amincewa. Tambayar ita ce ko wannan sa hannu ya sauke nauyi daga kan masu binciken. A fiƙihu amsar ita ce bai sauke ba, bisa dalilai uku.

Na farko, jiki amana ce a hannun mutum, kuma kiyaye rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo ta kare. Alƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekarar 684 bayan Hijira, ya bayyana a littafinsa Alfuruƙ cewa kariyar rai da gaɓɓai tana ƙunshe da haƙƙin Allah, don haka ko bawa ya yarda ya yafe ta, ba a lura da yardarsa.

Na biyu, yarda tana ginuwa ne a kan sani. A gwajin farko shi kansa mai binciken bai san abin da maganin zai yi ba, balle matashin da aka miƙa wa takarda. Tunda mai miƙa kansa ba shi da hanyar rage wannan rashin sani, wajibin rage shi yana kan wanda ya tsara gwajin.

Na uku, kuɗi yana iya gurɓata yarda. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a ƙudurinta mai lamba 67 da ta zartar a Jidda a shekarar 1992, ta shardanta cewa mai shiga binciken likitanci ya zama cikakken mai hankali da balaga, yardarsa ta kuɓuta daga tilasci irin na fursunoni da kwaɗaitarwar dukiya irin wadda ake yi wa matalauta, kuma binciken kada ya haifar da cuta. Wannan bai hana a biya mutum ladan lokacinsa da wahalarsa ba. Abin gudu shi ne kuɗin ya kai yawan da zai sa ɗalibi ko marar aikin yi ya rufe ido ga haɗarin da ba zai yarda da shi ba in da yana da wadata.

Waɗannan dalilai ba su kai ga haramta gwajin gaba ɗaya ba. Imam Algazali ya ƙidaya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, kuma babu yadda za a samu amintaccen magani ba tare da wani ya fara sha ba. Malamai suna gina hukunci a kan rinjayen zato. Idan masana amintattu suka ga abin da ya fi rinjaye shi ne kuɓuta, illar da ake tsammani kuma mai sauƙi ce mai wucewa, kamar zafin allura ko ɗan ciwon kai, to shiga gwajin ya halatta, kuma ana fatan lada ga wanda ya kyautata niyya. Idan kuwa akwai zato mai ƙarfi na rasa rai ko gaɓa, babu sa hannun da zai halatta shi.

Kammalawa

Yardar lafiyayyen matashi sharaɗi ce da gwaji ba ya inganta sai da ita, amma ita kaɗai ba ta wadatar ba. Dole a haɗa ta da gwargwado mai ƙanƙanta a farko, da jinkiri tsakanin mutum da mutum, da dakatarwa nan take idan wani ya kwanta, da kwamitin sa ido mai zaman kansa. Haka kuma dole a tanadi diyya tun kafin a fara, domin kamfanin TeGenero ya karye 'yan watanni bayan aukuwar lamarin Landan. Malamin da matashi ya zo wa da tambaya a kan shiga irin wannan gwaji, ya kamata ya bincika waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ya kuma tambaye shi ko zai shiga in da babu kuɗi, kafin ya ba shi fatawa. Allah Shi ne Mafi sani.