'YA'YAN SHINKAFA: DAGA FADAMAR KURA ZUWA SIKELIN CHALLAWA

Duk wanda ya san Bompai da Sharada da Challawa a zamanin masaƙu da majemu, ya san yadda da yawa cikin waɗannan ma'aikatu suka rufe ƙofa. Cikin abubuwan da suka sake tayar da hayaƙi a Kano akwai injinan casar shinkafa, musamman bayan shirin bashin manoma na Babban Banki a 2015 da rufe iyakoki a watan Agusta na 2019. Kamfanin Popular Farms da ke Challawa ɗaya ne daga cikinsu. Mutanenmu da yawa suna cin abinci a wannan hanya, daga masu dako har zuwa mata masu sayar da tsaki. Amma abin da yake hawa sikeli a bakin kamfani, tun a gona aka yanke masa hukunci, kimanin makonni uku zuwa shida bayan dashe.

A wannan lokaci ne shinkafa take haihuwa, wato tsiro guda ya fitar da 'ya'ya daga gindinsa, kowane ɗa kuma yana iya ɗaukar zangarniya. Manomin Kura ko Kadawa, mai shan ruwan madatsar Tiga, yakan yi murna in ya ga gindi ya cika fam. To, a nan ne gizo ke saƙar. Ba kowane ɗa ne yake yin zangarniya ba. Waɗanda suka fito a makare sukan sha taki su mutu haka nan, ko kuwa su yi ƙwaya wadda ba ta nuna ba sa'ad da sauran suka isa yanka. Irin wannan shanshera ce takan karye a cikin inji, ita ce kuma mai saye yakan rage wa kuɗi.

Me ya sa wani iri yake yawan haihuwa, wani kuwa 'ya'yansa kaɗan? Masana sun bi sawun wannan tambaya har cikin ƙwayoyin gado na shinkafa, waɗanda suke jere a kan zaruruwa 12. Dabarar tana da sauƙin fahimta, ko da yake aikin yana cin shekaru. Sukan haɗa auren iri biyu, mai yawan 'ya'ya da mai kaɗan, su shuka jikokinsu ɗaruruwa, su bi gindi-gindi suna ƙirga, sa'an nan su duba wace alama ce a kan zaren take tafiya tare da yawan haihuwa. Kamar duwatsun mil ne a hanyar Zariya: ko ba ka ga gidan ba, ka san tsakanin wane dutse da wane dutse yake. Susan McCouch da abokan aikinta a Jami'ar Kwanel ta Amurka suka fitar da taswirar farko ta irin waɗannan alamu a 1988, aka kuma gama karanta gadon shinkafa a 2005.

A 2003 Li Jiayang da jama'arsa a ƙasar Sin suka gano ƙwayar gado mai suna MOC1. Shinkafar da wannan ƙwaya ta lalace a jikinta takan tsaya ƙara guda tal, ba ɗa ko ɗaya. A 2010 kuma aka bayyana wata, IPA1, wadda take rage yawan 'ya'ya amma ta ƙarfafa ƙara, ta girmama zangarniya. A ganinmu wannan ta biyun ce ya kamata masu injina su fi sa wa ido, domin 'ya'ya kaɗan masu nuna tare sun fi cunkoso mai nuna bi da bi.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne maganar wuta-wuta. A 2008 aka tabbatar cewa sinadarin da shuka take amfani da shi ta tsayar da haihuwa, shi ne dai wanda yake tsiyaya daga saiwa ya ta da irin wuta-wuta daga barci a cikin ƙasa. Da aka bi jikokin iri biyu, Bala da Azusena, aka sami wurin a kan zare na 1, aka buga sakamakon a 2014. Bala mai yawan 'ya'ya ce, sinadarin nan kaɗan take zubarwa, wuta-wuta kuma ba ta cika damunta ba. Mai shinkafar fadama da ruwa ya kwanta mata ba ruwansa da wannan annoba, amma mai shinkafar tudu sai ya lura: rage haihuwa ba a koyaushe yake zama riba ba.

Kada wani ya ce wannan zancen Turai ne kawai. Ta irin wannan taswira aka saka ƙwayar jure ambaliya, SUB1, a cikin FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka saki a Nijeriya a 2017. Auren iri ne da zaɓe bisa alama, ba a ɗauko gadon wata halitta dabam ba.

Duk da haka, gado iyaka yake sakawa, hannun manomi ne yake cika ta. FARO 44, wadda manoma suke kira Sipi, takan haihu da kyau in an dasa ta tana da kwana 14 zuwa 21, tsiro biyu ko uku a rami, da tazarar santimita 20 kowane gefe. Tsohon dashe da ruwa mai zurfi suna danne 'ya'ya. Yuriya kuwa a raba ta: kashi ɗaya sa'ad da haihuwa ta fara, ɗaya sa'ad da shinkafa za ta ɗauki ciki. Wadda aka watsa a tsakani, 'ya'yan makara take tayarwa.