Kifin Nemo da Furen Teku: Wanne Za Ka Zaɓa, Kuma Dole Ne Ka Saya?

'Yan uwa masu kiwo, yau za mu ɗan ajiye tarwada da karfasa mu leƙa ɓangaren kifin ado na ruwan gishiri. Wanda ya kalli fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya san ɗan kifin nan mai ruwan lemo da ratsin fari, mai kwana cikin wani abu kamar fure. Sunan kifin kilonfish, mu ce masa kifin Nemo. Abin da yake kwana ciki kuma anemoni, wato furen teku. Masu sha'awar ajiye kifin a akwatin gilashi sukan ɗauka dole a sayo su tare, kuma a nan kuɗi ke salwanta. Kifin yana da juriya, furen ba shi da ita.

Furen da ba fure ba

Furen teku dabba ne, ɗan uwan halittun da ke gina duwatsun murjani. Yana da gindi da yake mannewa da shi a dutse, da baki a tsakiya, da yatsu masu harbi. Wani yauƙi da ke jikin kifin Nemo ne ke kare shi daga harbin. Shi ya samu mafaka, furen kuma ya samu mai gadi, ga kashin kifin ya zame masa taki.

Akwai furen teku sama da iri 1,000, amma kusan 10 kacal ke saukar da kifin Nemo, wanda shi kuma yake da kusan iri 30. Dukkansu a Bahar Maliya da tekun Indiya da na Fasifik suke, daga gaɓar gabashin Afirka har Indunusiya, Filifin da Ostareliya. Babu su a tekun Atilantika, saboda haka babu su a ruwan Legas. Duk wanda ka gani a shago asalinsa na waje ne, kuskure ɗaya kuma asarar kuɗi ce mai tsoka.

Wanne ya dace da sabon shiga?

Iri ɗaya ne za a ba ka shawara a kansa kai tsaye: Entacmaea quadricolor, wanda 'yan kasuwa ke kira Bubble Tip saboda kan yatsunsa na kumbura kamar balan-balan. Ya fi sauran haƙuri, faɗinsa yakan tsaya wajen santimita 30, kuma yana rabewa biyu da kansa idan ya ji daɗin wuri. Ke nan za ka iya samun wanda aka haifa a akwati, ba wanda aka ɓamɓaro daga teku ba, kuma shi ya fi saurin sabawa. Shi ne masaukin asali na Premnas biaculeatus, mai ja sosai, da Amphiprion frenatus, mai launin tumatir. Amphiprion clarkii ma yana shigarsa, don shi ba ya zaɓe.

To ina shi Nemo na fim, Amphiprion ocellaris? A teku masaukansa su ne Heteractis magnifica da manyan furanni biyu masu kama da darduma, Stichodactyla gigantea da Stichodactyla mertensii. Duka ukun suna ba ƙwararru ma wahala: suna son haske mai ƙarfi, ruwa mai motsi sosai, da fili, don na ƙarshen kan kai mita ɗaya. A akwati Nemo yakan karɓi Bubble Tip, amma ba tabbas. Wani zai shiga cikin kwana biyu, wani ya yi watanni bai kalle shi ba, ya je ya maƙale a jikin famfo. Kada ka tura shi ciki da ƙarfi, sai furen ya harbe shi.

Guda biyu ka kiyaye. Stichodactyla haddoni yana da yatsu masu danƙo sosai, yana cinye sauran kifayen akwati. Condylactis gigantea kuwa yana da araha, shi ya sa yake jan ido, amma daga yankin Karebiyan yake inda babu kifin Nemo. Ba masaukinsa ba ne, yana ma iya halaka shi. Araha ba ta ado.

Duba kafin ka biya

Kamar yadda ba ka sayen 'yan tsaki sai ka ga kuzarinsu, haka nan ma. Fari fat ba kyau ba ne, ciwo ne. Cikin jikin furen akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka da ke samar masa abinci daga haske, su ne ke ba shi launin ƙasa-ƙasa ko kore. Idan ya yi fari ya rasa su. Rawaya mai ɗaukar ido a jikin Heteractis crispa kuma sau da yawa rini ne. Bakin ya kasance a tsuke, ba a wangale ba. Gindin kada ya zama da yagewa, kuma ya manne gam. Ka ce wa mai shago ya ba shi ɗan jatan lande a gabanka. Mai lafiya zai cafke ya kai baki.

Gyara ɗaki kafin baƙo

Akwatin ya kai aƙalla lita 100, kuma ya yi wata 6 ko fiye yana aiki kafin furen ya shiga. Gishiri giram 35 a kowace lita, kuma gishirin akwati na musamman, ba na miya ba. Ruwan rijiya ko na famfo sai an tace shi da injin RO. Amoniya da nitarait su tsaya a sifili, pH tsakanin 8.1 da 8.4. A sa fitila irin ta murjani, don hasken ɗaki bai isa ba. A rufe bakin famfo da raga ko soso, domin furen yana tafiya. Idan famfo ya niƙe shi, ruwan kan lalace ya tafi da kifayen. Maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki guba ne gare shi. Abinci kuwa ɗan yankan jatan lande ko kifi sau ɗaya ko biyu a mako ya wadatar.

Babbar jarabawa a wajenmu ita ce zafi da wuta. Furen yana son digiri 24 zuwa 27, alhali a Kano ko Sakkwato zafin Afrilu kan haura 40. Ke nan sai da injin sanyaya ruwa, shi da fitila da famfo duk suna jiran lantarki dare da rana. Tarwada za ta jure ɗauke wuta, don tana shaƙar iska a sama. Furen teku ba zai jure ba. Idan ba ka da sola ko inbata mai ɗorewa, kada ka fara.

Idan kasuwanci ne burinka

Kifin Nemo ba ya buƙatar fure don ya rayu ko ya hayayyafa a akwati, tunda babu maƙiyin da zai ɓuya dominsa. Masu ƙyanƙyasarsa don sayarwa tukunyar shuka ta yumɓu ko fallen tayil suke sa masa. Ka haɗa ƙanana biyu, wanda ya fi girma zai rikiɗe ya zama mace, don dukkansu a maza suke farawa. Ta zuba ɗaruruwan ƙwai a jikin tukunyar, namijin ya yi gadi yana musu fifita, su ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Aikin gaske shi ne ciyar da 'ya'yan da rotifa, wasu ƙananan halittun ruwa da sai ka noma su da kanka.

Saboda haka ka fara da kifi biyu da tukunya. Ka koyi riƙe gishiri da zafin ruwa ba hawa ba sauka na tsawon wata 6. Idan ka iya, kuma wutarka ta tsaya, sai ka nemo Bubble Tip guda ɗaya wanda aka haifa a akwati. Allah ya sa wa kiwo albarka.