Salula A Kwarin Komadugu: Hanya Ta Gajarce, Amma Ƙarya Ma Ta Sami Doki

Daga Difa zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 1,300. A zamanin da, ɗan kasuwar da ke son sanin kuɗin buhun tattasai a Damagaram ko Maraɗi, sai ya jira direban da ya dawo daga can, ko kuwa ya je gidan waya ya bi layi don ya buga talho. Yau kuwa, a Gagamari, garin da ke bakin babbar hanya yamma da Difa cikin karkarar Shetimari, mutum na zaune bisa tabarma gindin itace zai ji farashin kasuwanni uku kafin shayinsa ya huce.

Wannan canji bai zo dare ɗaya ba. Kamfanin Celtel ya soma aikin salula a Nijar a 2001, ya koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Orange ya shigo a 2008, aka sayar da shi a 2019, ya zama Zamani Telecom. A 2016 gwamnati ta haɗe Sonitel da SahelCom suka zama Niger Telecom. Ga kuma Moov. Sannu a hankali rezo ya bi hanyar kwalta har ya kai gabashin ƙasa.

Abin da ya sa mutanen Difa suka rungumi wannan na'ura fiye da sha'awa shi ne tilas. A watan Nuwamba na 2014, da Boko Haram suka faɗa wa Damasak a Najeriya, dubban mutane suka ƙetare Komadugu suka sauka Gagamari. Ranar 6 ga Fabrairu 2015 aka kai hari Difa da Boso, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka rufe wasu kasuwanni har da ta Gagamari. Ba a ɗage hanin tattasai ba sai a 2017, na kifi kuwa sai a 2019. A waɗancan shekaru na ƙunci, da yawa sun koyi neman ƴan'uwan da suka warwatse, da bin bashi, da tambayar lafiyar hanya, duk ta waya.

Kasuwa cikin aljihu

Ba kowace dabara ta intanet ce ta karɓu ba. Wadda ta ci gari ita ce saƙon murya na WhatsApp, wanda matasa ke kira bokal. Dalili a fili yake: ba ya bukatar a iya karatun Faransanci ko rubutun boko. Babarbare ya yi magana da Barbarci, Bafillace da Fillanci, Bahaushe da Hausa, kuma saƙon na jira har rezo ya dawo. Manomi ya ɗauki hoton tattasan da ya shanya, dillali ya duba ja da tsabtarsa, a yi ciniki tun kafin buhu ya hau mota. Idan tsutsa ta kama ganye, sai a aika hoto wa malamin gona.

Tun da yake naira na yawo a kasuwannin jahar kafaɗa da kafaɗa da sefa, labarin canji shi ne abu na farko da ɗan kasuwa ke nema da safe. A farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi a hannu, mutanen da ba su taɓa yarda da kuɗin da ido bai gani ba suka soma karɓar biya ta waya. A cikin gida kuma, kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza sun rage wa fatake ɗaukar jaka cike da kuɗi a hanya mai haɗari.

Ma'aikacin gwamnati shi ma ya sami nasa rabo. Malamin makarantar da aka tura ƙauye yana ganin takardar canjin wurin aiki, ko sammacin taro, a cikin wayarsa kwanaki kafin takardar asali ta iso ofis.

Inda gizo ke saƙa

Sai dai hanyar da gaskiya ta bi ta iso da sauri, ita ce ƙarya ke bi. Ƴan damfara na da dabaru uku da suka fi amfani da su. Ta farko, a aiko wa mai kaya saƙo mai kama da na banki cewa kuɗi sun shiga, alhali ko dala ba ta motsa ba. Ta biyu, a kira mutum a roƙe shi lambobi shida da suka shigo wayarsa, a ce kuskure aka yi. Da ya bayar, an ƙwace masa WhatsApp, a shiga roƙon kuɗi da sunansa wurin abokan cinikinsa. Ta uku, albishir na ƙarya: tallafi, ko aiki a wata ƙungiyar agaji, amma sai an fara biyan ƴan jikkuna na buɗe takardu.

Abin da ya fi asarar kuɗi muni shi ne jita-jita. A ƙasar da mutane suka ga gudun hijira da idonsu, murya guda da ba a san mai ita ba, tana cewa an ga mahara a wuri kaza, ta isa ta watse kasuwa. Haka tsohon hoton ambaliyar 2019 ko ta 2022 kan dawo a ce na jiya ne. Kuma doka ba ta barci. Nijar ta kafa dokar laifuffukan intanet a 2019. A 2022 aka cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, a watan Yuni na 2024 aka maido da shi. Dokar ta haɗa har da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Wanda ya tura saƙon wani bai tsira ba don kawai ba shi ya ƙirƙira ba.

Akwai kuma raunin na'urar kanta. Bayan zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu 2021 an katse intanet na salula wajen kwana 10, kuma wanda ya zuba dukkan lissafin bashinsa cikin waya ya gane kurensa. Shigowar Starlink a 2025 ta kai intanet inda rezo ba ya kaiwa, amma ba ta hana waya faɗawa ruwa ko hannun ɓarawo ba.

Saboda haka masu hankali cikin ƴan kasuwa ba su yar da tsohon littafi ba. Ba sa sakin kaya sai sun duba asusunsu da kansu. Ba sa ba kowa lambar sirri, ko da ya ce daga kamfani yake. In aboki ya nemi kuɗi ta saƙo, sai sun kira sun ji muryarsa. In labarin tsoro ya zo, sai su tambayi mutumin da suka sani a garin da aka ambata kafin su tura wa kowa. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kiran minti guda ya fi arha bisa ga buhu goma da suka tafi ba dawowa.